Hatimin Baƙo da Mayafin Baba Wimala

Da sunan Allah nake farawa, Mai shimfiɗa ƙasa, Mai raba teku da tudu, wanda ya halicci harsuna iri-iri ya ba kowace al'umma nata. Ku gyara zama ku ji labarin tafiyata ƙasar Palindara, da abin da hannuna ya jawo wa wani bawan Allah a can. Ba labarin jarumta ba ne. Da da yadda zan yi in haɗiye shi da tuni na haɗiye, amma yau shekara shida ke nan yana tokare mini maƙogwaro.

Sunana Nalado, mutumin Bakori. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Turanci a makarantun firamare, kuma duk wanda ya bi ta hannuna zai gaya muku abu biyu: na iya aikina, kuma ba ni da daɗin zama. Zuciya gare ni, ba ta jiran a gama magana. Kuskuren rubutu kuwa, ko a bayan motar haya na gan shi sai na tsayar da direba. Da na yi ritaya, mai ɗakina ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'yana kuma suka koma gaishe ni ta waya, don sun gaji da gyara. Ana nan sai wani falke da ya sha yawon teku ya ba ni labarin wasu sufaye mabiya addinin Buda, a bisa wani dutse can bayan tekun gabas, wai babbansu ya fi shekara hamsin ba wanda ya ga fushinsa. Na ce ƙarya ne. Ya rantse. Na ce to, sai na gani da idona. Ban tafi don in sake addini ba, da carbina da buzuna na tafi. So nake in ga yadda ake yi mutum ya riƙe zuciyarsa.

Wata biyar muka yi bisa ruwa. Mun ratsa wani teku mai ɗumi wanda kifayensa ke tashi sama su sauko kan jirgi su huta, mun wuce wani tsibiri da ke nutsewa da hantsi ya ɓullo da la'asar da gonakinsa a jiƙe. Matuƙan jirgin mutanen Palindara ne, a bakinsu na tsinci harshen ƙasar, suna dariyar lafazina ina cije haƙora.

A gaɓar Palindara akwai wata ƙofa ta farin dutse, ba baƙon da ke wucewa sai an buga masa hatimi a bayan hannun dama. Tawadarsu abin mamaki ce, fara fat, tana ƙyalli kamar azurfa. Mai ƙofa ya karanto mini doka da sauri, irin karatun wanda ya maimaita abu sau dubu. Abin da na kama shi ne, baƙo ya ci, ya sha, ya kalla, ya saurara, amma kada ya yi aiki sai da takardar izini daga Ofishin Baƙi. Na ce to, to. A raina na ce ni da na baro aiki a gida, wa zai ɗauke ni aiki a nan? A wurinmu aiki shi ne abin da ake biyan mutum a kansa, kuma na ɗauka haka yake a ko'ina.

Kwana uku na yi ina hawan Dutsen Kesari kafin na iso gidan sufayen. A jikin dutsen aka sassaƙa shi, da wata ƙararrawa a bakin ƙofa mai kaɗa kanta idan baƙo ya doso. Su arba'in ne, kawuna a aske, kowa da mayafi ruwan ɗorawa. Ba su mallaki komai ba sai mayafin da kwano ɗaya. Kowace safiya sukan sauka ƙauyukan gindin dutse a jere, ba magana, ba miƙa hannu. Mata su fito da tukwanen shinkafa, duk wanda suka gani da mayafin su zuba masa. Mayafin nan shi ne abincinsu, shi ne matsuguninsu, shi ne takardar shaidarsu a duk faɗin ƙasar.

Babbansu shi ne Baba Wimala, wani siririn tsoho mai shekara saba'in da huɗu, hamsin da biyu daga ciki a cikin mayafi ya yi su. Ya tambaye ni wace kusurwa nake fuskanta in zan yi salla, ya sa aka ba ni ɗaki da tulun ruwa a bakin ƙofa. Na zuba masa ido mako guda ina jiran in ga inda zai kasa. Wani ya zubar masa da shayi a ƙafa, ya janye ƙafar ya ci gaba da maganarsa. Ni da ke kallo na fi shi jin haushi.

To, a bakin ƙofar gidan akwai wani allo da aka rubuta da Turanci saboda baƙi masu zuwa kallo. Layi huɗu ne, kuskure goma sha ɗaya. Na daure kwana bakwai, Allah ne shaidata. Rana ta takwas na ɗauki gawayi na gyara shi tas, ina juyowa na ga sufaye sun tsaya suna kallona. Sai wani tunani ya zo mini, wanda a lokacin na ɗauka daga zuciya mai kyau ya fito. Mutanen nan sun ba ni ɗaki, sun raba shinkafarsu da ni, ni kuwa ba ni da abin da zan saka musu da shi sai abin da ke kaina. A gida an raine mu a kan cewa ɓoye ilmi zunubi ne. Na nufi Baba Wimala, na durƙusa kamar yadda ake yi wa manya, na miƙa masa gawayin da hannu biyu.

Na ce, "Baba, ga kyauta na kawo muku. Zan koya muku Turanci kowace safiya, ba na son ko sisi."

Sufayen suka dubi juna. Wani ya sunkuyar da kai. Baba Wimala ya daɗe yana kallon gawayin, sannan ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ce, "An karɓa." Ni kuwa na ɗauka godiya ce irin ta ƙasarsu.

Haka muka fara. Da sun dawo daga ƙauye sun ci abinci, sai su jeru a ƙarƙashin wata katuwar bishiya, ni da tsohon ƙyaure a matsayin allo da sanda a hannu. Na yi musu tsawa, na bugi ƙyauren, har Baba ban ƙyale ba in harshensa ya karkace. Kwana arba'in da bakwai, ba wanda ya yi fashi, ba wanda ya makara. A duk shekarun aikina ban taɓa samun aji irin wannan ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. A cikin kwanakin nan na lura hatimin hannuna yana dushewa, har ya ɓace. Na ce ai dole, mutumin da ke alwala sau biyar a rana, wace tawada ce za ta zauna masa a hannu?

Rana ta arba'in da takwas muna tsakiyar darasi ƙararrawa ta kaɗa kanta. Wata mata ce ta shigo bisa alfadari, da dogarai biyu, da jakar fata a kafaɗa. Sunanta Uwargida Sirimani, ita ce mai duba baƙi ta lardin. Ta sauka ta sa goshi a ƙasa gaban Baba Wimala, sannan ta miƙe ta dubi ƙyaure, ta dubi sandata.

Ta ce, "Dattijo, kawo hannunka."

Na miƙa, ina cewa, "Ranki ya daɗe, ruwa ne ya wanke shi."

Ta ciro wani farin ganye ta jiƙa ta manna a bayan hannuna, ta ɗaga. Ga hatimin nan ya fito a jikin ganyen, baƙi ƙirin. Ashe tawadar ba ta gogewa, launi take sakewa. Duk ranar da baƙo ya yi aiki sai ta ƙara duhu. A hannun mai farar fata da tun rana ta biyu an gani, a nawa hannun kuwa sai ta saje da fatata.

Na ce, "Wane aiki? Sadaka nake yi. Ki tambaye su ko an taɓa ba ni wani abu."

Ta ce, "A dokarmu ba a tambayar ko an biya ka. Duk abin da baƙo ya yi wa ɗan ƙasa da hannunsa ko da bakinsa, aiki ne, kuma sai da izini. Kai hukuncinka mai sauƙi ne, za a mai da kai jirgi. Mai gidan da aka yi aikin a cikinsa shi ne abin ji. In mai dukiya ne, a ƙwace dukiyar. In sufi ne, ba shi da komai sai mayafi." Ta kau da kai daga wajen Baba. "Mayafin ake karɓa."

Na waiga na dubi tsohon, yana zaune da ɗan allonsa a cinya kamar ba da shi ake ba. Na yi faɗa, na yi magiya, na sake yin faɗa. Matar nan ba muguwa ba ce. Ta ce doka ta ba ta ikon jinkirta hukunci kwana tara, in na kawo takardar izini daga birnin Uttala kafin nan, za ta ɗauka tun farko da ita na fara. Ban tsaya sallama ba na ɗauki jakata.

Hanyar Uttala ta bi ta cikin wani daji na birai, kuma biran nan ba ayaba suke sata ba, takarda suke sata. Sun gane cewa duk mai zuwa birni da takardu yake tafe, kuma zai ba da duk guzurinsa don a mayar masa. Na laɓe na ga yadda suka yi wa wani matafiyi, na lura abin da mutum ya fi ƙanƙamewa shi suke warcewa. Sai na naɗe fasfona da takardar shaidar malantata da wasiƙar da Uwargida ta ba ni in kai ofis na cusa cikin takalmi, na rungume damin tsofaffin takardun darasi a ƙirji kamar raina ne a ciki. Ban yi taku hamsin ba suka dira. Na yi kururuwa, na yi birgima, na ɗora hannu a ka. Suka haye bishiya da ganimarsu suna jiran in fito da guzuri, ni kuwa na bi ta ƙarƙashinsu ina kukan ƙarya har na fita dajin.

Birnin Uttala a kan wani babban tafki yake, kuma ofisoshin gwamnati duk bisa gadajen gora suke suna yawo a kan ruwa. Wai wani sarki na da ne ya tsara haka, don kada dangin ma'aikaci su san inda za su same shi su nemi alfarma. Kullum iska na kai su inda ta ga dama. Kwana biyu cur na ɓata ina tuƙa kwalekwale, in hango tutar Ofishin Baƙi a gabas, kafin in isa ta koma kudu. Hannuwana suka yi kanta suka fashe. Na zauna tsakiyar ruwa na zagi iska, na zagi sarkin da ya mutu tun kafin a haifi kakana, alhali kwanaki huɗu sun tafi.

Rana ta biyar na lura da wata mata mai sayar da shinkafa a kwalekwale. Ba ta bin kowa. Da rana ta take sai ta tsaya wuri ɗaya ta buɗe tukunya, ƙamshi ya bi iska, sai ka ga ofisoshi suna tuƙo kansu suna nufo ta. Sunanta Nilawati. Na roƙe ta ta bar ni in zauna a jirginta, ta ce in dai ba zan taɓa ludayi ba, don kada a ce ta sa baƙo aiki. Ina zaune Ofishin Baƙi ya zo ya same ni da kansa.

Magatakardan, wani mai tabarau da bakinsa cike da shinkafa, ya ce izinin aikin sa kai sharaɗi uku gare shi. Na farko shaidar lafiya. Likita na ofishin da ke biye, ya duba harshena ya buga hatimi. Na biyu shaidar cewa na san abin da zan koyar. Mutum uku suka zauna su jarraba Turancina, tambayar farko ma da kuskure a cikinta. Na buɗe baki zan gyara, na tuna tsohon da na baro, na haɗiye. Ban taɓa haɗiye abu mai ɗaci kamar wannan ba, amma na samu hatimi na biyu. Na uku, ya miƙo mini wata takarda, ya ce mai gidan da zan yi wa aikin ya rubuta da hannunsa cewa shi ne yake roƙon a ba shi ni.

Na koma jirgin Nilawati ina murna, na ce ai an gama, saura sa hannun Baba. Ta ajiye ludayi ta dube ni.

Ta ce, "Dattijo, wa ya gaya maka sufi yana roƙo?"

Na ce, "Layi biyu ne kawai."

Ta ce, "Ko ruwa ne yana mutuwa da ƙishi ba zai ce a ba shi ba. Alkawarin da suka ɗauka ke nan ranar da aka yafa musu mayafin. Ba sa roƙo, kuma abin da aka miƙa musu da hannu biyu aka ce kyauta ce ba sa mayarwa, ko da sun san zai cuce su. Ranar da sufi ya roƙa ko ya ƙi karɓa, 'yan'uwansa ne da kansu za su karɓe mayafin. Kai da ka zauna da su kusan wata biyu ba ka san wannan ba?"

Ban sani ba. Ban taɓa tambaya ba, ni da na je neman ilmi. Na tuna yadda na durƙusa da gawayi a hannu biyu, da yadda suka dubi juna. Ashe duk sun san dokar, sun san abin da ke tafe. Ajin da ba a fashi, wanda nake ta alfahari da shi, mutane arba'in ne da na ɗaure ba su da ikon cewa a'a. In Baba ya rubuta roƙon, mayafi ya tafi. In bai rubuta ba, mayafi ya tafi. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na kasa cin shinkafar da matar nan ta zuba mini.

Kashegari da ofishin ya zo cin abinci na riƙe rigar magatakarda, na ce ba zan sake shi ba sai ya karanta mini dokar tun daga farko har ƙarshe, a hankali. Ya karanta don ya rabu da ni. Can wajen ƙarshe sai ga wani babi da ake kira babin tilas. Idan baƙo ne ya ɗora aikinsa a kan mai gida, mai gida bai so ba, to laifin na baƙo ne shi kaɗai. Za a ƙona masa hatimin wuta a hannu a kore shi har abada, mai gida kuwa ba abin da zai taɓa shi. Sharaɗi ɗaya ne, mai gida ya tabbatar da bakinsa cewa bai so ba.

Na ce alhamdu lillahi. Ai ko ƙarya ba sai an yi ba, gaskiyar ke nan. Hannu kuwa, a ƙona. Na kamo hanya ina sauri, birai suka tare ni, na watsa musu takardar roƙon da ba ta da sauran amfani na wuce.

Da la'asar ɗin rana ta takwas na iso, ƙafafuna a kumbure. Na sami Baba Wimala yana share ganye a tsakar gida. Na durƙusa na nemi gafara, na zayyana masa komai.

Na ce, "Baba, gobe za ta tambaye ka ko ka so karatun nan. Ka faɗi gaskiya kawai, ka ce ba ka so ba. Kada ka ji nauyina. Na san ni na ɗora muku."

Ya ce, "Malam, ƙafarka na jini. Je ka wanke."

"Baba, ka ji abin da na ce?"

"Na ji. Abin da aka tambaye ni shi zan amsa."

Hankalina ya kwanta, don na san mutumin nan ba ya ƙarya. Abin da ya rage mini shi ne in shirya jin an faɗa a gaban jama'a cewa ba wanda ya so darasina. Ya yi mini zafi, amma na ce na cancanta.

Da hantsi aka taru a ƙarƙashin bishiyar. Uwargida Sirimani ta zauna da littafin doka, dogarai suka hura wuta suka sa ƙarfen hatimi a ciki. Na miƙe na amsa laifina da bakina, na faɗi yadda na miƙa gawayi da hannu biyu ba tare da an neme ni ba. Na ga fuskar matar ta saki, ita ma mafita take nema. Ta juya wajen tsohon.

Ta ce, "Baba, tambayar a rubuce take, ba ni da ikon sake ta. Shin ka so abin da baƙon nan ya ba ka, ko da na rana ɗaya?"

Baba Wimala ya ɗago kai ya dube ta. Sannan ya ce, "Kwana goma na farko ban so ba. Hayaniya ce kawai, ga mutumin da faɗa."

Na gyaɗa kai, ina cewa a raina yawwa, tsaya nan.

Ya ci gaba. "Rana ta goma sha ɗaya ya koya mana sunayen launuka. Na koma ɗakina na dubi mayafin nan, na kira launinsa da wancan harshen. Shekara hamsin da biyu yana jikina, na daina ganinsa. Ran nan na gan shi. Tun daga ranar, in muna dawowa daga ƙauye nakan ji ƙafata tana sauri."

Na yi tsalle na miƙe. "Ranki ya daɗe, kada ki saurare shi. Tsufa ne. Kara yake yi mini. Ni na san ɗalibin da ke so da wanda ba ya so, wannan ba ya so, ko haruffa bai gama riƙewa ba."

Ta ce, "Zauna, dattijo." Sannan ta dubi tsohon. "Baba, ka yi tunani. Ba wanda ke gaggawa."

Ya ce, "Na yi tunani kwana tara, 'yata. Na duba ko zan sami wata amsa, ban samu ba. Na so. Har yau da safe na so."

Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa, yara dubbai sun wuce ta gabana, ba wanda ya taɓa cewa ya so darasina. Na sha kwanciya da wannan a rai. Sai ga shi an faɗa mini, a gaban mutum arba'in, a ranar da zan ba da hannuna a ƙona don kada a faɗa. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Dogarai suka kashe wutar, tunda babin tilas bai hau ba. Ni ko ƙwarzane ban samu ba. Ba wanda ya iya matsawa kusa da tsohon, sai shi ya miƙe da kansa, ya shiga ɗaki, ya fito ɗaure da wani farin ƙyalle da ake shimfiɗa wa baƙi. Ya ninke mayafin gida huɗu, ya ɗora kwanonsa a kai, ya ajiye gaban Uwargida. Sai a lokacin na ga ƙanƙantarsa, haƙarƙarinsa duk a waje. Sufayen suka sunkuyar da kai, don dokarsu ta hana su yi wa wanda aka tuɓe rakiya.

Hanyar sauka ɗaya ce, don haka tare muka sauko, ni da shi da Uwargida da dogarai. Na tuɓe babbar rigata na sa masa saboda sanyi, tana jan ƙasa. Kwana ukun nan ina ta neman abin da zan ce. Na tambaye shi ko yana da dangi, ya ce waɗanda ya sani duk sun rasu, ƙauyensu ma ruwa ya ci shi tuntuni. Na ce to ya biyo ni Bakori, ina da ɗaki, ina da gona. Uwargida ta ce ba mai fita ƙasar sai da takardar shaida, shi kuwa tasa ita ce ya ninke ya ajiye.

Na ce, "To ina za shi? Wa zai ci da shi?"

Ta ce, "Akwai gidan gwamnati na tsofaffi a bakin gaɓa. Ana ba da abinci sau biyu."

"To ki kai shi."

Ta kau da kai. "Sai ya rubuta takardar roƙo."

Na dubi Baba. Ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Yanzu ba abin da ya hana ni, Malam. Sai dai ban san yadda ake farawa ba."

Da sassafe aka sa ni a jirgi. Na bar masa guzurina, wanda bai fi na kwana uku ba. Ya tsaya a bakin gaɓa, gefen farar ƙofar nan, cikin rigata, hannuwansa a haɗe a gaba daidai inda kwano ya saba zama. Lokacin fitowar mata ne. Ina tsaye a bayan jirgi na ga wata ta fito daga lungu da tukunya tana tururi, tana waige-waige tana neman mai mayafi. Ta zo daf da shi. Ya ɗan ɗaga kai, bakinsa ya motsa, ban san ko wani abu ya fito ba. Ta ratse shi kamar yadda ake ratse kowane tsoho a hanya, ta wuce da tukunyarta.

Na yi ta kiranta da iyakar muryata, da harshensu, da Hausa, iska na mayar mini da maganata. Wata ta biyu ta fito, ita ma ta wuce.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan, kuma a nan hikayata ta tsaya, don jirgin ya juya, dutse ya shiga tsakanina da shi. Abin da ya biyo baya, Allah shi ne masani.